Zaman Sulhu a Ofishin Fasto: Sharhi Kan Hidimar da Ikilisiyoyin Hausa Ke Yi a Legas

Duk wanda ya ɗan tsaya bayan an tashi sujadar Hausa ranar Lahadi a Agege, ko Idi-Araba, ko kewayen barikin soja na Ikeja da na Ojo, zai ga mutane zaune a ƙofar ofishin fasto. Mace a wannan bakin benci da jakarta a cinya, maigidanta a wancan bakin yana latsa waya, tsakaninsu wurin zaman mutum uku babu kowa. Wani lokacin wa ne da ƙane, ko uwar miji da matar ɗanta. Sun zo a sasanta su ne. Wannan hidimar ce nake so mu auna: yadda ake yin ta, inda take da ƙarfi, da inda take barin mutane da ciwonsu. Maganar ba ta wata ɗarika guda ba ce. Kiristocin da ke sujada da Hausa a Legas sun fito daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa, Taraba, Tangale, Zuru da kudancin Borno, suna cikin ɗarikun ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, LCCN da Baptis, kuma salon zaman kusan iri ɗaya ne ko'ina. Bambancin yana hannun wanda ke jan ragamarsa.

Kuɗi dai ba a biya. Abin da mutum ke kashewa shi ne kuɗin mota da lokaci, kuma a Legas waɗannan biyun ba ƙaramin abu ba ne. Maigadin da ke kwana a wurin aiki a Lekki, ko mai aikin gida da ake ba hutun Lahadi ɗaya cikin mako biyu, in aka ce ya dawo sau huɗu, an nemi abu mai tsada a wurinsa. Shi ya sa masu sulhu da yawa ke ƙoƙarin gama komai a zama ɗaya, kuma daga nan ne yawancin matsalolin ke tasowa.

Inda aka tsara abin da kyau, ba a fara haɗa mutum biyun a ɗaki ɗaya. Ƙarar takan zo ta hannun dattijon ikilisiya ko shugabar Zumuntar Mata, sai fasto ya ga kowa shi kaɗai, minti arba'in zuwa awa guda. In mace ce, Mama Fasto ko wata dattijuwa na zaune a wurin. Tambayar farko ita ce ko an bi umarnin Matiyu 18:15, wato ko wanda aka yi wa laifi ya sami ɗan'uwansa su biyu kaɗai ya faɗa masa. Abin mamaki, sau da yawa ba a yi ba. An gaya wa maƙwabta, an buga waya gida, an sa a addu'a a taron mata, amma mai laifin bai taɓa jin maganar daga bakin mai ita ba. Fasto mai hankali yakan mayar da su wannan matakin, ya ba su mako guda. Sai in ya gagara a shigo da mutum ɗaya ko biyu, kamar yadda aya ta 16 ta ce. Kai magana gaban ikilisiya, wato aya ta 17, shi ne na ƙarshe, kuma yawancin rigingimun gida bai kamata su kai can ba.

A zaman haɗuwa, mutum biyar sun isa ɗaki: su biyun, fasto, dattijo ɗaya, dattijuwa ɗaya. Da an kai takwas ko tara, ya zama kotu, kowa ya koma kare mutuncinsa. Wanda aka cuta ne ke fara magana, ba a katse shi. Sai a ce wa ɗayan ya maimaita abin da ya ji da bakinsa kafin ya kawo nasa bayanin. Wannan ɗan matakin yana da amfani ƙwarai, domin a nan ake gane cewa maigida ya ji “ba ka ba ni kuɗin cefane” alhali abin da uwargida ta ce shi ne “ka ce babu, sai na ga saƙon banki ka tura wa ƙanwarka.” Rashin kuɗi daban, ƙarya daban, kuma ƙaryar ce ke mata ciwo.

Babban abin da wannan hidima ta fi sauran hanyoyin sulhu da shi shi ne harshe. Mutumin da ke iya turancin aiki da na kasuwa, in magana ta zo kan abin da ke cin ransa, Hausa ko harshen gidansu ne ke fitowa. Akwai bambanci tsakanin “na haƙura”, “na bar wa Allah” da “na yafe”, kuma dattijon da ya tashi cikin Hausa zai ji shi nan take. Wadda ta ce ta bar wa Allah, yawanci ba ta yafe ba, ta dai ɗaukaka ƙara ne. Wanda ya ce ya haƙura, ya haɗiye ne, abin na nan a ciki. Ga kuma Nassi da mutane suka haddace tun suna yara. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, aikin da Likita Walter Miller na Wusasa ya jagoranta, saboda haka kaka da jika duk da kalmomin gafara da tuba da alheri suka tashi. Ba sai an fara koyar da su ba.

Misalin da aka fi karantawa shi ne na bawan nan marar tausayi a Matiyu 18:23-35, wanda ya biyo bayan tambayar Bitrus ko yafe wa ɗan'uwa sau bakwai ya isa, Yesu ya ce masa bakwai har sau saba'in. Yadda fasto ya bi da lissafin da ke cikin misalin yana nuna maka ko ya san aikinsa. Dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙwadago, kamar yadda Matiyu 20:2 ya nuna. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne. Bashin talanti 10,000 da sarki ya yafe wa bawan ya kama ladan yini miliyan 60 ke nan, wanda ba mai rai da zai iya biya. Kowa yakan tsaya a nan. Amma dinari 100 da abokin bautarsa ya ci masa, wanda shi kuma ya ƙi yafewa, ladan kusan wata huɗu ne. Ka tambayi maigadi ko albashin wata huɗu abin rainawa ne. Yesu bai ce bashin ƙarya ba ne, bai kuma ce ba shi da ciwo ba. Masu sulhun da suka fahimci wannan ba sa ce wa mace “ai wannan ba wani abu ba ne.” Sukan ce mata, “’Yata, an cuce ki, dinari ɗarin nan gaskiya ne, mu ƙirga shi tukuna.” Wasu sukan ba da takarda a rubuta abin da aka rasa ɗaya bayan ɗaya: kuɗi, mutunci a gaban dangi, barci, amincewa. Mutum ba ya yafe bashin da bai san yawansa ba.

A nan ne, a ganina, ake raba zaman kirki da na jeka-na-yi-ka. Abubuwa uku ne ake cuɗawa a kira su da suna ɗaya. Gafara aikin mutum ɗaya ce a gaban Allah: ya ajiye ramuwa, kamar yadda Romawa 12:19 ta ce, ya daina fatan sharri. Wannan umarni ne, ba ya jiran mai laifi ya tuba, kuma Afisawa 4:32 da Kolosiyawa 3:13 sun ɗora shi a kan yadda aka gafarta mana. Sulhu kuwa sai da mutum biyu. Luka 17:3 ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsauta masa, in ya tuba ka yafe masa, kuma Bulus da kansa ya ce a zauna lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunka. Na uku ita ce amana, ita kuma a hankali take dawowa, da ganin aiki. Dubi Yusufu a Farawa 42 zuwa 45. Tun a zuwan farko na 'yan'uwansa ya juya ya yi kuka, amma bai bayyana kansa ba. Ya tsare Saminu, ya sa aka saka ƙoƙonsa na azurfa a buhun Biliyaminu, sai da ya ga Yahuza ya miƙa kansa a madadin yaron sannan ya ce, ni ne Yusufu. Mutanen da suka sayar da ƙanensu a dā, yanzu sun ƙi su bar wani ƙanen. Abin da ya jira ya gani ke nan. Fasto da ya buɗe wa mutane wannan labarin ya sauke musu babban kaya, domin da yawa suna ɗauka cewa tun da har yanzu ba su iya ba mijin katin banki ko ba ƙanen makullin shago ba, to ba su yafe ba, suna cikin zunubi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun zo kan wannan gaɓar. Everett Worthington, farfesa Kirista da ya koyar a Jami'ar Virginia Commonwealth ta Amurka, wanda aka kashe mahaifiyarsa a gidanta yana tsakiyar bincike kan gafara, ya raba gafarar ƙuduri da ta zuciya. Ta farko ana iya yin ta yau: na yanke ba zan rama ba. Ta biyu, wato ɗaci ya kau, tana ɗaukar lokaci. Tsarinsa mataki biyar ne: ka tuna abin da ya faru ba ƙari ba ragi, ka yi ƙoƙarin gane halin da mai laifin ke ciki, ka ba da gafarar kyauta kana tuna lokacin da aka yafe maka, ka ɗaure kanka da alkawari ko da a rubuce, sannan ka riƙe shi ranar da zafin ya dawo. Mataki na biyar ne aka fi mantawa a ofisoshinmu. Ba a gaya wa mutane cewa zafin zai dawo ba, sai bayan mako uku mace ta ga sunan da ya tuna mata da laifin a waya, zuciya ta tafasa, ta ce ashe ƙarya ta yi a gaban bawan Allah.

To, me ke lalacewa? Na farko gaggawa. Sau da yawa ana kiran zaman ne saboda Jibin Ubangiji ya ƙarato, ana so kowa ya ci da zuciya ɗaya. Niyyar tana da kyau, Matiyu 5:23-24 ma ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka. Sai dai ayar tana magana ne da wanda ake ƙara a kansa, shi aka ce ya tashi ya je. A aikace kuwa nauyin yakan faɗa kan wanda aka cuta: “Ki yi haƙuri, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ku gaisa mu yi addu'a.” A gaisa, a rera waƙa, a fito. An rufe gyambo ba a wanke ba.

Na biyu, roƙon gafarar da ba tuba a ciki. Ka saurari kalmomin. “In na ɓata miki rai, ki yafe ni” ba furci ba ne, domin “in” ɗin nan ta janye laifin. Haka “mu yafi juna” daga bakin wanda shi kaɗai ya yi ɓarnar, haka “aikin Shaiɗan ne.” Furcin da ke warkarwa yana ambaton abin da suna, ya ambaci ɓarnar da ya jawo, ya faɗi abin da zai canja: “Na ɗauki kuɗin adashinki ban tambaye ki ba, na kuma yi miki ƙarya a kai, kin sha kunya a gaban mata. Zan mayar dubu ashirin kowane ƙarshen wata.” Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Durƙusawa da hawaye ba su ne ma'auni ba. 2 Korintiyawa 7:10 ta raba baƙin cikin da ke kai ga tuba da na duniya wanda ke kai ga mutuwa. Akwai kuma wani abu da ya kamata dattawa su daina: a sa mace ta durƙusa wa mijinta don kawai ita ce mace, ko ƙane ga wansa don shi ne ƙarami, ba tare da an duba wa ya yi laifin ba. Ladabi hakkin babba ne, amma furcin laifi na mai laifi ne, ko da furfura a kansa.

Maganar kuɗi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce rabin abin da ke kawo 'yan'uwa ofishin nan. Mutum ya shekara biyar yana tura kuɗi gida a gina masa ɗaki biyu a Kafanchan ko Billiri, ya je Kirsimeti ya tarar da tushe kawai. Ko ya sayi babur ya ba ƙanensa, aka kama babur ɗin bayan hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022, ƙanen ya ɓoye maganar wata uku. Fasto da yawa suna jin nauyin shiga lissafi, suna ganin abin duniya ne. Littafi Mai Tsarki bai ji wannan nauyin ba. Littafin Firistoci 6:1-5 ya ce wanda ya ci amanar ajiya ya mayar da uwar kuɗin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka ya yi alkawarin mayarwa ninki huɗu a Luka 19:8. Bulus ya rubuta wa Filimon cewa in Onisimus ya ci masa wani abu, a ɗora a kansa shi zai biya. Mai kuɗin yana da iko ya yafe duka ko rabi, kuma alheri ne babba in ya yi, amma shi zai faɗa da bakinsa, ba dattawa su yafe dukiyar wani a madadinsa ba. Inda ake yin abin daidai, ana rubuta jimillar, da abin da aka yafe, da abin da za a biya kowane wata, su biyun da shaida ɗaya su sa hannu. In kuɗin ya yi yawa ko ya haɗa da fili ko hayar gida, Cibiyar Sasanta Jama'a ta Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas tana yin sulhu kyauta, tana da rassa a sassan jihar, tana kuma rubuta yarjejeniya. Babu laifi a yi addu'a a coci a yi takarda a can. A dai tafi da mai fassara in turanci bai zauna ba.

Sirri ma matsala ne. Ofisoshi da yawa an raba su ne da katako daga majami'a, taga a buɗe saboda zafi, ƙungiyar mawaƙa na gwaji a bayan bango. Jama'ar kuma 'yan gari ɗaya ne. Magana ta fita da azahar a Legas, kafin magariba ta isa ƙauye, gobe da safe kawu ya kira yana ba da umarni. Da zarar dangi sun ɗauki ɓangare, ko su biyun sun so shiryawa sai su ji kunyar ja da baya. Gara a nemi zaman ranar aiki da yamma, a kuma yarda tun farko wa da wa za su san maganar.

In laifin zina ne, zama ɗaya ba ya isa ko kusa. Sai an yanke hulɗa da ɗaya mutumin gaba ɗaya, a gaban shaida. Sai su biyun sun yi gwajin HIV da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, a kuma maimaita bayan wata uku, domin gwajin farko ba lallai ya nuna sabon kamu ba. Dattawa kan ji kunyar faɗin wannan, amma rai ake magana. Horon ikilisiya, wato dakatar da mutum daga Jibi ko daga muƙami, tsakaninsa da ikilisiya ne. Ƙarewar horon ba ta nufin matarsa ta warke.

Inda nake da babban ƙorafi a kan hidimar shi ne duka. Bai kamata a haɗa mutum biyu a ɗaki ba kafin a tambayi mace ita kaɗai, ƙarara: yana dukanki? Ya taɓa shaƙe miki wuya? Ya taɓa cewa zai kashe ki? Akwai makami a gidan? Tambayar ƙarshen tana da muhimmanci a ikilisiyoyin da ke kusa da bariki. In amsa ɗaya ta zama e, to wannan ba maganar sulhu ba ce tukuna, maganar tsira ce. Macen da aka zaunar kusa da mai dukanta za ta ce ta yafe, domin ta san da wa za ta koma ɗaki ɗaya da daddare. Rasuwar mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu a Abuja a watan Afrilun 2022, wadda aka zargi mijinta da dukanta, ta sa masu bi da yawa sun sake tunani a kan “ki koma ki ci gaba da addu'a,” amma har yanzu ana jin wannan shawarar. Mace tana iya yafe wa mutum daga gidan yayarta a Ketu. Dawuda bai ɗaga hannu a kan Saul ba, amma bai koma ya zauna inda mashi zai same shi ba. Jihar Legas tana da dokar kariya daga cin zarafi a gida tun 2007, wadda ta ba kotu ikon ba da umarnin kariya, tana kuma da hukumar yaƙi da cin zarafi a gida da fyaɗe, wato DSVA, mai layin kira kyauta, 08000 333 333. Lambar gaggawa 112 ko 767. In fyaɗe ne, Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja tana taimakawa kyauta, kuma maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72. Ya kamata waɗannan lambobin su kasance a manne a bangon kowane ofishin fasto. Romawa 13:4 ta kira hukuma baran Allah, saboda haka kai ƙara ba ya soke gafara.

Ga saɓanin yau da kullum, baƙar magana, shiru na makonni, rigimar uwar miji, bashin 'yan'uwa, ina ba da shawarar a je, kuma a je da wuri. Babu inda Bahaushen Kirista ko mai jin Hausa zai sami wanda zai ji shi da harshensa, ya san garinsu, ya yi addu'a tare da shi, kamar nan. Sai dai kafin ka zauna, ka tambayi Baba Fasto abu huɗu: za a ga kowa shi kaɗai tukuna? Su wa za su kasance a ɗakin? Za a rubuta abin da aka yarda a kai? Yaushe za mu dawo? Amsar ta ƙarshe ita ce aka fi rasawa. A sa ranar dawowa bayan mako biyu, wata bayan mako shida, wata bayan wata uku, a rubuta a littafin ofis kafin a tashi. In miji soja ne da za a iya tura shi Arewa maso Gabas kowane lokaci, ko matar na gida tana noma, a yi ta waya, dattijo ɗaya ya riƙe alhakin kiran kowannensu daban.